KATIN ZAƁE A KANO, MAI SHI A IBADAN: INA AMFANINSA?

Jawabin da ɗaya daga cikin dattawan 'yan kasuwa ya gabatar a babban taron ƙungiya a Sabo, Ibadan



Mai girma shugaban wannan taro, Mai martaba Sarkin Hausawa, Allah ya ja zamaninka, malamanmu Allah ya gafarta muku, masu unguwanni da shugabannin sana'o'i, iyayenmu mata, 'yan'uwana 'yan kasuwa, samari da 'yan mata, ina yi wa kowa barka da zuwa, tare da fatan an baro gida lafiya.

Da shugabannin ƙungiya suka aiko mini cewa ni zan yi magana a kan sha'anin zaɓe, sai da na ce musu ko dai sun yi ɓatan kai ne, domin kuwa ni ba ɗan siyasa ba ne, ban kuma yi boko mai zurfi ba. Karatuna na Islamiyya ne, sauran abin da na sani a kasuwa na koyo shi. Suka ce ai dalilin ke nan da ya sa suka zaɓe ni, don mutane sun gaji da jin dogon Turanci. To, shi ke nan, na amsa. Zan yi muku magana irin tamu ta 'yan kasuwa, da lissafin uwa da riba, in na yi kuskure manya suna nan su gyara mini.

Kafin in ce komai, ina roƙon alfarma ɗaya. Duk wanda yake da katin zaɓe ya ɗaga hannu. Madalla, hannuwa da yawa. Yanzu kuma wanda katinsa na nan jihar Oyo ne, wanda zai iya fita daga gidansa ya taka da ƙafa zuwa rumfarsa, shi kaɗai ya bar hannunsa a sama. To, jama'a, ku waiga ku duba da kanku. Wannan bambanci da kuka gani tsakanin hannuwan farko da na biyu, shi ne maganata ta yau gaba ɗaya.

Bari in fara da laifin kaina, don kada wani ya ce na zo yi masa gori. Lokacin da aka yi babbar rajista a farkon shekarar 2011, ina gida wajen wata hidima, sai na yi tawa a can ƙauyenmu a jihar Kano. Na dawo Ibadan da kati a aljihu ina jin cewa na gama aiki. A zaɓen 2015 ban je ba, na ce nisa. A 2019 na ɗaura niyya, na rufe rumfa, na biya kuɗin mota, na kwana a hanya, na isa gida ana gobe zaɓe. Cikin dare, 'yan sa'o'i kaɗan kafin a buɗe rumfuna ranar 16 ga Fabrairu, hukumar zaɓe ta ba da sanarwar ta ɗage zaɓen zuwa ranar 23 ga wata. Ni kuwa ina da kaya a hanya, babu halin in zauna mako guda. Haka na juyo. Kuɗin mota ya tafi, cinikin kwanaki ya tafi, ƙuri'a kuma ban kaɗa ba. Na san a cikin ɗakin nan akwai waɗanda muka haɗu da su a tasha a wannan rana, kowa yana huci.

Ko da ma na samu na kaɗa, a yau ina tambayar kaina, wa zan zaɓa? Zan zaɓi ɗan majalisar da ba ya wakiltar unguwar da 'ya'yana suke kwana, da gwamnan da ba shi da iko a kan kasuwar da nake neman abinci. Ba na raina gida, Allah ya sani, kowa ya bar gida gida ya bar shi. Amma a cikin wata 12 na shekara, wata 11 a nan nake yin su. Kwatar da take cika ta shigo mini zaure a nan take. Makarantar yarana a nan take, haka asibitin da matata take zuwa awo. Harajin rumfa a nan nake biya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ni kuwa ɗakina a Sabo yake.

Abin da ya ƙarasa buɗe mini ido shi ne abin da ya faru a kasuwar Shasha a watan Fabrairun 2021. Ba sai na tuna muku ba, wasunku a can dukiyarsu ta ƙone, an kuma yi asarar rayuka ta kowane ɓangare, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya kiyaye na gaba. Gwamnoni sun taso daga Arewa sun zo jaje, mun gode musu ƙwarai. Amma da suka gama suka hau jirgi suka koma. Wanda yake da ikon rufe kasuwar, wanda kuma yake da ikon sake buɗe ta, gwamnan jihar Oyo ne. Ranar na tambayi kaina, ashe mutumin da abincina yake hannunsa bayan Allah, ban taɓa sa hannu a zaɓensa ba, ko na so shi ko na ƙi shi?

Bayan wannan, akwai wata rana da muka haɗu mu 'yan kaɗan muka je wurin wani mai riƙe da muƙami a kan wata bukata ta layinmu. Ba zan faɗi sunansa ko ofishinsa ba, don ba shi ne abin magana ba. Ya karɓe mu hannu biyu biyu, aka kawo mana ruwa. Mai magana da yawunmu ya tashi ya ce, ranka ya daɗe, mu jama'a ne masu yawa, dubbai ne mu. Mutumin nan ya yi murmushi, ya jawo wata takarda daga aljihun tebur, ya sa yatsa a kan sunan rumfar zaɓenmu ya juyo mana da ita. Jama'a, adadin da ke rubuce a wurin bai kai mutanen da suke cika sahu uku a masallacin layinmu ba. Bai ce mana uffan ba a kan haka, mu ma ba mu ce ba. Muka sha ruwanmu muka yi sallama. Tun daga ranar na gane cewa ɗan siyasa ba ya ƙidaya mutane a kasuwa ko a filin Idi. A takardar sakamakon rumfa yake ƙidaya su. Wanda ba ya cikin takardar nan, a wurinsa kamar babu shi ne. Da aka buɗe rajista a tsakiyar 2021, ina cikin na farko da suka je suka nemi a dawo musu da katinsu nan.

To, wannan ciwo na ƙin fita zaɓe ba mu kaɗai yake damu ba, ƙasar ce baki ɗaya. A zaɓen shugaban ƙasa na 2003, kusan kashi 69 cikin 100 na masu rajista sun fita. A 2015 aka dawo wajen kashi 44. A 2019 kashi 35. A 2023 kuwa kashi 27 kacal. Mutum sama da miliyan 93 ne suke cikin rajista a 2023, amma waɗanda suka kaɗa ba su cika miliyan 25 ba. Shugaba Bola Tinubu ya ci da ƙuri'a miliyan 8 da dubu 794 da 'yan kai, wato ko ɗaya cikin goma na masu rajista bai kai ba. A nan jihar Oyo masu rajista sun haura miliyan 3, amma a zaɓen gwamna na watan Maris na 2023 duk ƙuri'un da aka kaɗa ba su kai miliyan 1 ba. Gwamna Seyi Makinde ya ci da dubu 563 da ɗoriya.

Ɗan kasuwa ya san ma'anar wannan lissafi. Ranar da tumatir ya yi ƙaranci a Shasha, kowane kwando darajarsa ƙaruwa take. Haka ƙuri'a. Tunda mutum uku cikin huɗu suna zaune a gida, unguwar da ta fito ƙwanta da ƙwarƙwata nauyinta ya ninka na sauran. Ke nan ƙofa a buɗe take, mu ne ba mu shiga ba.

Yanzu bari in ɗauko dalilan da nake ji a bakin mutanenmu ɗaya bayan ɗaya, domin ba na so in yi kamar ban san su ba.

Na farko, wasu suna cewa ai mu baƙi ne, zaɓen nan na masu gari ne. Ina so in tambaye ku, baƙo na shekara nawa? An kafa unguwar Sabo tun 1916. Kakanninmu 'yan goro da 'yan shanu su suka share wurin nan. Akwai mutane a cikin ɗakin nan da aka haifi kakansu a nan, aka binne shi a nan, Yarabanci a bakinsu kamar ruwa. Tsarin mulkin ƙasa na 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya damar ya zauna inda ya ga dama a cikin ƙasar, ya kuma hana a nuna masa bambanci saboda ƙabila ko addini ko wurin da ya fito. Sharaɗin rajista shi ne ka kasance ɗan ƙasa, ka cika shekara 18, kana zaune ko kana aiki a wurin, ko kuwa asalinka ne. Ba a neman takardar zama ɗan asalin jiha. Kuma da na gaba ake gane zurfin ruwa. A shekarun 1950, mutumin da ya fara zama magajin garin Enugu shi ne Malam Umaru Altine, Bafulatani daga ƙasar Sakkwato, ɗan kasuwar shanu irin namu, a ƙarƙashin jam'iyyar NCNC ta Dakta Azikiwe. Mutanen Enugu ne suka zaɓe shi. Da ya zauna yana cewa shi baƙo ne, da yau ba mu san sunansa ba.

A nan dole in yi togiya ɗaya. Muna da 'yan'uwa daga Jamhuriyar Nijar da sauran maƙwabta, tare muke ci tare muke sha, mun yi auratayya. Amma wanda ba ɗan Nijeriya ba ne, doka ba ta ba shi damar yin rajista ba, kuma kada wani ya ruɗe shi ya kai shi. Mutum ɗaya in aka kama, sunan Sabo duka za a ɓata, a ce duk ƙuri'unmu na bogi ne. Ku taimaka mana ta wata hanyar, ko da tsaron rumfa ne ranar da maƙwabcinku ya tafi ofishin rajista.

Na biyu, wasu suna cewa ƙuri'a ba ta aiki, sun riga sun rubuta wanda suke so. Ba zan tsaya a gabanku in ce babu maguɗi a ƙasar nan ba, kar Allah ya kama ni da ƙarya. Ina saurayi na bi layi ranar 12 ga Yunin 1993, aka zo aka soke zaɓen bayan kowa ya san Abiola ne ya ci, har ya kayar da Alhaji Bashir Tofa a jiharsa ta Kano. A 2023 ma an yi alkawarin za a ɗora sakamakon zaɓen shugaban ƙasa a intanet daga kowace rumfa nan take, aka kasa cikawa a kan lokaci, zukatan mutane da yawa suka karaya. Duk wannan gaskiya ne.

Amma ku ba ni amsar wannan. In ƙuri'a ba ta aiki, me ya sa suke yawo da buhunan kuɗi suna sayenta? Wane ɗan kasuwa ne zai zuba jarinsa a kayan da ba su da amfani? A 2015 shugaban ƙasa mai ci, Goodluck Jonathan, ya faɗi zaɓe ya miƙa mulki. A nan jihar Oyo, gwamna mai ci Alao-Akala ya faɗi a 2011. Wanda ya kayar da shi, marigayi Abiola Ajimobi, yana kan kujerar gwamna ya nemi Majalisar Dattawa a 2019, mutanen Ibadan ɗin nan suka hana shi. A 2023 Peter Obi ya fi Tinubu ƙuri'a a Legas, gwamnan Zamfara mai ci ya faɗi, jam'iyya mai mulki a Kano ta faɗi. Duk waɗannan masu iko ne, da rubutawa ake yi da sun rubuta wa kansu.

Ga kuma wanda yake cewa tawa ɗaya me za ta ƙara? A jihar Osun, maƙwabciyarmu, zaɓen gwamna na 2018 da ratar ƙuri'a 482 aka raba gardama. A Sakkwato a 2019, Aminu Waziri Tambuwal da ratar ƙuri'a 342 ya koma kujerarsa. Ku duba ɗakin nan, ku haɗa da iyalanku da yaran shagonku. Wallahi mun fi 342. In kujerar gwamna tana iya tsayawa a kan wannan adadi, ina ga kujerar kansila ko ta ɗan majalisar jiha? Sannan ku sani, maguɗi ya fi sauƙi a rumfar da babu kowa. Inda mutane suka cika, suka tsaya aka ƙirga a gabansu, aka rubuta, wakilan jam'iyyu suka sa hannu, aka manna a bango, ɓarawo sai ya sha wuya kafin ya taɓa.

Na uku shi ne tsoro, kuma shi ne mafi nauyi. Duk lokacin da zaɓe ya gabato, sai ka ga tireloli sun cika da mata da yara da katifu ana komawa gida, wai kada rikici ya tashi. Ba na ganin laifin wanda ya taɓa ganin wuta in ya ji tsoron hayaƙi. Mun kuma ji labarin yadda aka tsorata wasu masu zaɓe a sassan Legas a zaɓen gwamna na 2023 saboda ƙabilarsu. Amma mu yi tunani. In muka kwashe muka tafi, mun faɗa wa kowa da bakinmu cewa mu ba 'yan nan ba ne. Jama'ar da take da dubban ƙuri'u kowace jam'iyya tana lallashinta, kowane ɗan takara yana tsoron abin da zai taɓa ta, don ya san zai dawo neman ta bayan shekara 4. Jama'ar da ba ta zaɓe kuwa, in abu ya same ta, jaje kawai za a yi mata.

Maganin tsoro shi ne tsari. A fita da sassafe, a tafi a ƙungiya, dattawa a gaba. Kada a sa rigar jam'iyya ko hularta, doka ma ta hana talla a kusa da rumfa. Kada a yi gardamar siyasa a kan layi. Ka gai da maƙwabcinka Bayarabe, ku bi layi tare, ai kwatar da ta dame ka ita ta dame shi, ramin titin da ya fasa maka taya shi ma ya fasa masa. In ka shiga wurin dangwalawa babu mai ganin abin da ka zaɓa, kuma ba dole ne ka faɗa wa kowa ba. Samarinmu kuma, don Allah, kada wani ya ba ku kuɗi da ƙwaya ku zama karnukan farautarsa. Ɗansa yana makaranta a waje, kai ne za a kwana da kai a caji ofis.

Na huɗu, 'yan'uwana 'yan kasuwa suna cewa wa zai bar ciniki ya je ya wuni a rana? Wane ciniki? Ranar zaɓe 'yan sanda suna hana zirga-zirgar motoci, kasuwa a rufe take, ɗan canji ba ya canji, ɗan gwari ba ya sauke kaya. Zama muke a ƙofar gida muna shan shayi muna sauraren rediyo, muna zagin waɗanda wasu suke zaɓar mana. Kuma in maganar asara ce, ku tuna farkon 2023 lokacin canjin takardun kuɗi, yadda muka wuni a layin banki a garin nan ba mu samu ko sisi ba, kaya suna ruɓewa a kasuwa. Ku tuna abin da kuɗin dakon kaya daga Arewa ya koma bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023. Ban ce wannan daidai ne ko kuskure ba, kowa da ra'ayinsa. Abin da nake cewa shi ne, hukunci ɗaya na masu mulki yana iya cinye ribar shekara. Wanda ya iya wuni a layin banki, ba zai ce layin zaɓe ya fi ƙarfinsa ba.

Na biyar, sayar da ƙuri'a. Mu yi lissafi. A ce an ba ka naira 5,000. Shekara 4 kwana 1,461 ne. In ka raba, bai kai naira 4 ba a rana. Ko ruwan leda ba za ta saya maka ba. Wanda ya sayi kaya ya biya, ba ka da bakin binsa bashi, haka dokar kasuwa take. Shi ya sa in ka je wurinsa daga baya zai dube ka ya ce ai mun gama da kai tun ranar zaɓe. Kuma doka ta haɗa mai bayarwa da mai karɓa, duk masu laifi ne. Ƙuri'a shaida ce kake bayarwa cewa wane ya cancanta. Malamanmu suna zaune, sun fi ni sanin matsayin wanda ya karɓi kuɗi ya ba da shaida.

Yanzu ina so in juyo wurin iyayenmu mata da kuma mazajensu. A zaɓen tarayya na 1959 matan Kudu sun kaɗa ƙuri'a, matan Arewa ba a ba su dama ba. Sai a 1976, a zaɓen ƙananan hukumomi, sannan a babban zaɓen 1979, suka samu. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta sha ɗauri da duka a kan wannan hakki. Abin da aka samu da wahala irin wannan, bai kamata a bar shi a ƙasan adaka ba. Maigida, in kai ka fita ka bar mata biyu da 'yan mata uku da suka isa zaɓe a gida, ƙuri'a 1 ka kai, ka binne 5. Iya, ke kika san ko akwai magani a asibitin unguwa, ke kika san ko famfo yana kawo ruwa. A rumfar zaɓe ana ba tsofaffi da masu juna biyu da naƙasassu dama su fara, ba za a bar ku a rana ba. Mu tsara yadda mata za su fita tare, cikin mutunci da suturarsu, su dawo tare.

To, mene ne abin yi? Ba a fafe gora ranar tafiya. Rajista ana rufe ta tun da sauran watanni kafin zaɓe. Ta zaɓen 2023 ranar 31 ga Yulin 2022 aka rufe, mutane da yawa sai bayan nan suka farka. Saboda haka ina ba ƙungiya waɗannan shawarwari.

Ɗaya. Kowane shugaban sana'a, na 'yan goro, na mahauta, na 'yan canji, na 'yan gwari, na 'yan dako, na 'yan acaɓa, ya ɗauki littafi ya rubuta mutanensa gida uku: mai katin nan, mai katin gida, da wanda ba shi da shi sam. A kawo wa sakatare.

Biyu. Mai katin gida kada ya je ya sake sabuwar rajista. Yin rajista sau biyu laifi ne, kuma na'ura tana ganewa. A 2022 hukumar zaɓe ta soke sababbin rajista sama da miliyan 2 da dubu 700, akasari saboda wannan. Abin da za ka nema shi ne a canza maka wurin zaɓe. Ka je ofishin hukumar na ƙaramar hukumar da kake zaune da tsohon katinka a lokacin da rajista take buɗe, kuma kyauta ne. Sakatare zai riƙa sanar da ranaku a masallatai da kuma cikin mujallar nan. Yaranmu masu ilimin waya su zauna a ofishin ƙungiya su taimaka wa waɗanda ba su iya ba.

Uku. Rajista ba ta cika sai ka karɓo katin da hannunka. Kafin zaɓen 2023 katuna sama da miliyan 6 suka kwana a ofisoshin hukuma babu masu karɓa. In ka karɓa, ka je ka ga rumfarka da idonka tun kafin ranar.

Huɗu. Iyayen gida, ku saki yaranku rana ɗaya su je, kada ku yanke musu kuɗin abinci. Ɗan ci-ranin da ya san zai koma gona kafin zaɓe, shi ya bar katinsa a gida, babu laifi. Amma ɗan kaka-gida ba shi da hanzari.

Biyar. A koya wa mutane dangwalawa. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023 ƙuri'a sama da dubu 900 aka jefar saboda sun lalace. Yatsa ɗaya, cikin gida ɗaya, a gaban alamar jam'iyyar da kake so, kada tawada ta tsallaka layi.

Shida. Kada mu tsaya a zaɓen shugaban ƙasa kaɗai. Na gwamna da na majalisar jiha da na ciyaman da kansila su suka fi kusa da tukunyarmu. Na ƙaramar hukuma hukumar zaɓe ta jiha ce take shirya shi, amma da katin nan dai ake yi.

Bakwai. Ƙungiya ta gayyaci 'yan takara duka, ba ɗaya ba, a miƙa musu bukatunmu a rubuce: magudanar ruwa, makaranta, asibiti, tsaron kasuwa, da yawan karɓe-karɓen da ake yi wa motocin kaya a hanya. Bayan zaɓe kuma a kwafo sakamakon kowace rumfa tamu a buga a mujallar nan, mu ga layin da ya fita kunya da wanda ya yi barci.

Ku lura, tun da na fara ban ce ku zaɓi wane ko jam'iyya kaza ba, ba kuma zan ce ba. Ƙungiyar nan ta kowa ce. Ko ƙuri'unmu sun rabu gida uku, muddin adadin ya yi yawa, duka ukun za su zo neman mu. Burina shi ne, in Allah ya kai mu, ranar da za mu sake zuwa wurin wani mai muƙami ya jawo takardar nan, mu ne za mu ce masa, ranka ya daɗe, karanta da ƙarfi kowa ya ji.

Allah ya ja zamanin Sarki, a gafarce ni in na tsawaita. Wanda na ɓata wa rai ya yafe mini. Allah ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, ya sa albarka a kasuwancinmu, ya zaɓa mana shugabanni masu tausayin talaka. Sakatare yana bakin ƙofa da littafi, kada kowa ya fita sai ya rubuta sunansa da inda katinsa yake.